Ruwan wanke kan firinta da ruwan sirka tawada: haɗi ɗaya zai iya yin aikin biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da firinta ƙirar Epson mai aiki da tawadar figimen, kuma duk lokacin da ta kwana biyu ba a kunna ta ba, sai ta riƙa fitar da layi-layi a jikin takarda. An ba ni shawarar in haɗa ruwa da sifirit da ruwan goge gilashi in wanke kan firintar, wato ɓangaren da yake fesa tawada a takarda, da shi. Shin wannan ba zai lalata kan ba? Sannan ina so in sirka baƙar tawadar domin in samu launin toka na buga hotunan baƙi da fari. Zan iya amfani da wannan haɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Haɗin da aka ba ka zai iya wanke kan firinta idan aka gyara shi, amma kada ka kuskura ka sirka tawada da shi. Aikin ruwan wanki shi ne ya warware busasshiyar tawada ya kore ta, shi kuwa ruwan sirki ana son ya riƙe tawadar yadda take har tsawon watanni, saboda haka abin da ya sa na farko yake aiki shi ne yake ɓata na biyu.

Akwai tawadar rini, akwai kuma ta figimen irin taka. Tawadar rini narkewa take yi ƙurmus a cikin ruwa, don haka ko ta bushe, ruwa mai ɗumi yakan sake narkar da ita. Ita kuwa tawadar figimen ba ta narkewa. Ƙwayoyin launi ne ƙanana ƙwarai, waɗanda girman kowace yake kimanin nanomita 100 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), suna yawo a cikin ruwan kamar ƙurar laka a ruwan da bai kwanta ba. Abin da yake hana su haɗuwa shi ne wani sinadari da aka lulluɓe kowace ƙwaya da shi, wanda yake sa su ture juna, kuma wannan sinadarin ya fi aiki ne idan ma'aunin pH na tawadar, wato ma'aunin tsaminta, yana wajen 8 zuwa 9. Da zarar an zuba wani abu mai tsami, ko ruwa mai gishirin kalsiyam da maganiziyam, ko alkohol mai yawa, sai ƙwayoyin su dunƙule. Hudojin da tawada take fita ta cikinsu kuwa faɗinsu bai wuce maikiromita 10 zuwa 30 ba (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wato sun fi silin gashi siranta, don haka ɗan dunƙulen da ido ba zai gani ba ya isa ya toshe su.

Wannan ne ya sa ruwan famfo da na rijiya ba su da gurbi a wannan aiki, ko da an tafasa su, domin tafasawa ba ta fitar da duk gishirin da yake cikinsu. Ruwan da aka tace ta hanyar tururi kaɗai ake amfani da shi. Wanda ake sayarwa domin batir yakan yi, muddin ka tabbatar ba mai asid ba ne.

Ga haɗin wanki da nake ganin ya fi aminci: a cikin mililita 100, ka sa mililita 80 na tataccen ruwa, 15 na alkohol ɗin isofurofil, da 5 na giliserin ko furofilin gilaikol. Alkohol ɗin yana taimaka wa ruwan ya ratsa busasshiyar tawada, giliserin kuma yana hana shi saurin bushewa a cikin hudojin. Ka guji sifirit mai launi ko ƙamshi, domin abin da aka ƙara masa yakan bar saura. Game da ruwan goge gilashi, abin da yake aiki a cikinsa amoniya ce, in yana da ita, kuma tana warware figimen sosai, sai dai tana cin tagulla, tana kuma raunana wasu nau'o'in gam idan ta daɗe. A ganina a ajiye ta sai toshewar ta gagara, sannan a ɗiga kaɗan, a bi ta da haɗin da ba ta ciki. Kada a taɓa haɗa amoniya da bilic, wato sinadarin faranta tufafi, domin suna fitar da iska mai guba. Asiton, tina, fetur da kananzir kuwa suna lalata roba da gam ɗin da ya riƙe kan.

Yadda ake wankin ya fi haɗin kansa muhimmanci. Ka fara da hanya mafi sauƙi: ka matsar da kan gefe, ka cire wuta, ka ɗiga ruwan a kan soson da kan yake zama idan firinta tana hutu, ka mayar da shi ya kwana a kai. Washegari ka ba da umarnin wanki sau ɗaya ko biyu, ka buga gwajin hudoji. Yawan maimaita umarnin wanki yana cinye tawada, yana kuma cika soson da yake tara tawadar da aka zubar. Idan sai an yi amfani da sirinji, ka ɗumama ruwan kaɗan, kamar digiri 40 na ma'aunin Salsiyos, ka tura shi a hankali ƙwarai. Kan Epson da Brother yana fesa tawada ne da wani ƙaramin kiristal da yake lanƙwasa idan wuta ta shige shi, kuma matsi mai ƙarfi yakan ɓalle faifan da hudojin suke jiki, ɓarnar da ba ta gyaruwa. Yawancin firintocin Canon da HP kuwa zafi suke amfani da shi, tawadar ce kuma take sanyaya su, shi ya sa bugawa da toshasshen kai take ƙona su. Ko wane iri ne, kada ka mayar da wuta sai wuraren haɗin lantarki sun bushe sarai.

Batun sirki ya fi wuya. Tawada ba launi da ruwa kaɗai ba ce. Akwai giliserin ko gilaikol da suke ba ta kauri, suke kuma hana ta bushewa a bakin hudoji, akwai sinadarin da yake sa ta jiƙa bututu da takarda, akwai kuma maganin da yake hana ta yin funfuna. Idan ka sirka da ruwa zalla, duk waɗannan za su ragu tare da launin, sai ka ga tawada tana ɗiga daga kan ko tana yankewa a tsakiyar bugu. Saboda haka ruwan sirki dole ya zama tawada marar launi. Masu buga hotunan baƙi da fari da tawadar kabon, wato baƙar tawadar figimen, sun daɗe suna amfani da wani haɗi na kashi 55 cikin ɗari tataccen ruwa, kashi 35 giliserin, da kashi 10 Photo-Flo na kamfanin Kodak, wanda asalinsa na wanke fim ne, ana kuma auna su da sikeli. Wannan haɗin ya dace da takarda marar sheƙi kawai, domin babu sinadarin da zai manne ƙwayoyin a saman takarda mai sheƙi, inda hoton zai iya gogewa a hannu. Idan kamfanin da ya yi tawadarka yana sayar da ruwan sirkinsa, shi ya fi, tun da ba kowace tawada take jituwa da haɗin gida ba. Haɗin gidan kuma bai shafi tawadar solben, wadda ba a ruwa take ba, ko ta UV, wadda hasken fitila ta musamman yake busarwa, ba ko kaɗan.

Kafin ka zuba komai a firinta, ka haɗa kaɗan a ƙaramar kwalba mai haske, ka rufe, ka ajiye mako ɗaya ko biyu. Idan ka ga gari ya kwanta a ƙasa ko saman ya washe, ka zubar. Idan ya zauna daidai, ka tace shi da matatar sirinji mai maikiromita 1, ka riƙa haɗa iya abin da za ka ƙarar a 'yan watanni, domin babu maganin funfuna a ciki. Ka sani kuma firinta ba ta san ka canza mata tawada ba, za ta ci gaba da fesawa da lissafin tawadar asali, saboda haka sai ka sake saita manhajar da take rarraba launi kafin matakan tokar su fito daidai. Idan firintar tana ƙarƙashin garanti, kamfani zai iya ƙin gyara duk ɓarnar da haɗin gida ya jawo, don haka ya fi kyau ka fara gwajin a tsohuwar na'ura.