Amsa ga mai son karatun ma'adinai a Jamus: mahaƙar Rammelsberg

Ƙanena, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da su Baba da Inna. Ka tambaye ni ko akwai hikima mutum ya taso daga gida ya zo Jamus karatun ilimin duwatsu da haƙar ma'adinai, alhali ka ji an rufe yawancin mahaƙun ƙasar. Abin da ka ji gaskiya ne, amma a ganina rufaffiyar mahaƙa da aka adana ta fi mai aiki amfani ga ɗalibi, domin a cikinta ake barinsa ya tsaya ya duba dutse a natse. Hujjata ita ce Rammelsberg, dutsen da ke gefen garin Goslar a tsaunukan Harz, kusa da Jami'ar Fasaha ta Clausthal wadda asalinta ke komawa 1775.

Kimanin shekaru miliyan 390 da suka wuce, wurin nan ƙasan teku ne. Ruwa mai zafi yana ɓullowa ta tsagogin ƙasa ɗauke da narkakkun ma'adinai, kuma da zarar ya haɗu da sanyin ruwan teku sai tagulla da tutiya da dalma su haɗe da farar wuta su kwanta shimfiɗa bisa shimfiɗa, laka tana rufe su, har lakar ta zama baƙin dutse mai falle-falle. Azurfa da ɗan zinari suna cakuɗe a ciki. Daga baya, lokacin da ƙasa ta matsu tsaunuka suka taso, sai shimfiɗun suka lanƙwashe har suka kife, abin da yake ƙasa ya koma sama, zaizaya kuma ta tone bakin jijiyar, wato shimfiɗar ma'adinin, a gefen dutsen. Wannan ne ya sa mutanen farko suka same ta tun ba su da injin haƙa. Jijiya ta biyu kuwa, wadda ke ɓoye can ciki, sai a 1859 aka gano ta.

Yawanci ana ɗaukar shekarar 968, zamanin Sarki Otto na Ɗaya, a matsayin farkon tarihin mahaƙar a rubuce, ko da yake masu tonon kayan tarihi sun nuna an ci moriyarta tun kafin haka. Arzikinta ya jawo sarakunan Jamus suka gina fada a Goslar a ƙarni na 11, kuma fadar tana nan har yau. Arzikin ya kuma jawo rigima, domin a 1552 garin ya rasa ikon mahaƙar, ta koma hannun mai sarautar yankin Braunschweig da ke maƙwabtaka da garin.

Abin da ya fi kamata ka kula da shi shi ne yadda aka yi aikin. Dutsen yana da tauri ƙwarai, saboda haka mahaƙa kan jera itace a jikinsa su cinna wuta, zafi ya farfasa shi, sannan su dawo da guduma, kuma ba a bar wannan dabara ba sai cikin ƙarni na 19. Babban abokin gabarsu dai ruwa ne. A ƙarni na 14 ya cika ramuka masu zurfi har aiki ya kusa tsayawa na tsawon shekaru masu yawa, kuma maganin da aka samu a ƙarshe shi ma ruwa ne: aka gina madatsu, aka janyo shi ta magudanu ya riƙa juya manyan ƙafafun katako masu siffar ƙafar keke a ƙarƙashin ƙasa, su kuma suna tuƙa famfo suna ɗago ma'adini. Wasu daga cikin ƙafafun suna nan a ramin Roeder, na wajen shekarar 1800, inda ake shiga da baƙi a ƙafa. Saboda ƙwayoyin ma'adinan ƙanana ne kuma a sarƙe, raba su ya gagara yadda ake so sai a shekarun 1930, da aka gina masana'antar da ke niƙa dutsen ta tace shi da kumfa. Ba a ɓoye cewa a Yaƙin Duniya na Biyu an sa mutane aikin tilas a wurin.

An rufe mahaƙar a 1988 bayan an fitar da kimanin tan miliyan 27, UNESCO kuma ta sanya ta cikin kayan tarihin duniya a 1992. Sai dai dalmar da aka zubar tun ɗaruruwan shekaru tana nan cikin ƙasar bakin kogunan Oker da Innerste, kuma wanda ya tuna da ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ya san wannan fanni ba na Turawa kaɗai ba ne. Ga kuma dalma da tutiya a kwarin Binuwai da ke jiran masu sani.

Shawarata ita ce ka kammala digirinka na farko da sakamako mai kyau, ka nemi na biyu a Clausthal, inda ake koyar da injiniyancin haƙar ma'adinai da Turanci. Duk da haka ka fara koyon Jamusanci tun yanzu, domin tsofaffin taswirori da rahotannin waɗannan ramuka da shi aka rubuta su. Ka gaishe da mutanen gida.