Amsar kawu kan ƙirga Kiristocin Nijar

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce an ba ku aiki a jami'a ku gano yawan Kiristocin Nijar da inda suke zaune, kana kuma tambaya ko al'adarmu ta ƙin ƙirga mutane tana ɓata lissafin.

Tana ɓatawa mana. Mu mun taso ba a tambayar magidanci 'ya'yansa nawa. In ka matsa masa, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, akwai albarka." Wasu tsoron kambun baka suke yi, amma ni a ganina lanho ne tushen abin. Zamanin Nasara kai ake ƙirgawa a aza haraji, don haka duk wanda ya shigo gari da takarda da alƙalami, rabin gidan ake ɓoye masa.

Ƙidayar 2012 ta ba da mutum miliyan 17 da 'yan kai, Kiristoci ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. To amma ka san yadda ake cika takardar: maigida ne ke zama a zaure yana amsa wa kowa. In ɗansa ya bi mishan, kana jin zai faɗa gaban baƙo, ga maƙwabta sun kasa kunne? "Rubuta Musulmi" zai ce. Su kuma majami'u nasu lissafin kan haura, don ran Lahadi a Yamai da yawan masu cika bencinan 'yan Benin ne da Togo da Burkina, wasu baɗi war haka sun koma gida. Nijeriya ma gudun rigima ta yi, ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi addini ba.

Batun inda suke kuwa, bi sawun mishan. Ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta sauka Damagaram a 1924, sannan Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ga na kutare a Danja. Hausawa Kiristoci da dama ta makaranta ko jinya kakanninsu suka shiga a waɗannan wurare. Katolika kuma ka neme su Dogon Dutsi, da Dolbel, da cikin Gurmawan Makalondi, can yammacin ƙasa.

In ka je wurin fasto, kada ka fara da fito da takarda. Tun da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, ɗari-ɗari suke da mai tambayar yawansu. Ka tafi da wanda suka sani, ku gaisa sosai, sannan ka tambayi gida nawa ke zuwa sujada. Wannan ana amsa shi.