Tambaya da Amsa: VLAN biyu sun ƙi gaisawa

Tambaya: Malam, na raba kwamfutoci gida biyu a suwic ɗin Cisco (na'urar da ke haɗa kwamfutoci), wato VLAN 10 da 20 (VLAN rukunin kwamfutoci ne da aka ware a cikin suwic), amma ba sa jin juna. Ina matsalar?

Amsa: Ɗan'uwa, fara tabbatarwa suwic ɗin na mataki na 3 ne (Layer 3), wato mai iya tura saƙo daga wani VLAN zuwa wani. Buga umarnin ip routing, mai kunna wannan aikin, don galibi a kashe yake zuwa. Sannan ka ba VLAN 10 adireshi: interface vlan 10, ip address 192.168.10.1 255.255.255.0, no shutdown. Haka ma na 20 da nasa adireshin. Adireshin kowane VLAN za ka sa wa kwamfutocin ɓangarensa a matsayin ƙofar fita (default gateway), nan aka fi tuntuɓe. In VLAN ya ƙi tashi, galibi babu ramin kebul mai aiki a cikinsa: sa ramin a ciki da switchport access vlan 10. Ƙarasa da write memory don adana saitin, kar ɗaukewar wuta ta share aikin.