Babur ɗina yana buga "ƙwas" in na ja totur: kwamfanseta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina koyarwa a wata firamare a Ɓatagarawa, kullum daga Ƙofar Marusa nake tafiya a kan Bajaj Boxer ɗina. Wata biyu ke nan, in na sa giya ta ɗaya na saki kuloci, ko na sassauta totur na sake ja, sai in ji "ƙwas" daga ƙasa, babur ɗin ya fizge ni. Na ga wani bidiyo a YouTube, Bature yana cewa irin wannan ƙarar kwamfanseta ce ta cinye. Wani kuma ya ce in kawo a buɗe inji. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Kada ka bari a kwance maka noti ko ɗaya a jikin injin nan tukuna.

Abin da Baturen yake nunawa na manyan babura ne irin Harley-Davidson na Amurka. Injinsu silinda biyu ne manya, kamar Twin Cam 96 da ya fito a 2007 mai cc 1584, kuma kowane tashin wuta a cikinsa duka ne mai nauyi. Shi ya sa aka ɗaura wani faifai mai haƙora a bakin karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, a gefen hagu, da ƙarafa masu gangara suna hawa juna da sifirin a bayansu, don su shanye dukan kafin ya kai ga kuloci da giya. Ita ce kwamfanseta. In ta cinye, ana jin bugu lokacin tayar da inji da lokacin kashe shi, kuma in an juye man wurin sai a ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Gyaranta shi ne a buɗe murfin, a duba gangaren da sifirin, a canza ta gaba ɗaya, a ɗaure da sifana mai awo. Ko a can ma mai hankali yakan fara gwada batir, don batir mai rauni yana kawo irin wannan bugun wajen tayarwa.

Naka mai cc 100 ba shi da ita. Amma aikin da take yi yana nan, roba ce ke yin sa. A cikin cibiyar tayar baya, bayan siforaket ɗin da sarƙa ke hawa, akwai robobi masu kauri da aka cusa tsakanin haƙarƙarin ƙarfe. Duk ƙarfin da inji ya aiko, su yake fara matsawa kafin taya ta juya. Zafin garin nan, da man da ke ɗiga daga sarƙa, da lodi, da ramukan hanya, su ne ke cinye su.

Ga yadda za ka gane da hannunka, ko sisi ba ka kashe ba. Kashe babur, ka ɗora shi a kan babban jak. Riƙe taya da hannu ɗaya kada ta motsa, ka kama siforaket da ɗaya hannun, ka juya shi gaba da baya. Mai lafiya da ƙyar zai motsa, kuma za ka ji taushi. In ya yi wasa shi kaɗai har ka ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe, ka kama ɓarawonka. Duba sarƙar ma a tsakiyarta, wasanta kada ya wuce santimita 2 zuwa 3, domin sakakkiyar sarƙa ita ma tana wannan ƙara.

Kafin sallar layya wani mai ɗaukar buhunan gero daga ƙauyukan Kaita ya kawo mini nasa, an riga an ce masa giyarsa ta mutu. Da na cire tayar, robar ta zubo a tafin hannuna kamar garin gawayi, ɗaya daga cikin haƙarƙarin cibiyar kuma ya tsage. Abin ya dame ni ƙwarai, saboda da ya zo da wuri roba kawai zai saya, ga shi sai da ya canza cibiya sukutum, mutumin da da wannan babur yake ciyar da gidansa.

In za a sa sabuwar roba, a wanke gurbin tas, a shafa mata ruwan sabulu don ta shige. Ban da giris, ban da baƙin mai, suna narkar da roba. Sabuwa takan yi tauri wajen shiga, haka ake so. Akwai masu yanka tsohon tib su cusa a gefe. Zai iya kai ka gida in ka lalace a hanya, amma ban yarda a bar shi a matsayin gyara ba. Tunda tayar tana ƙasa, a juya boris da yatsa a ji ko yana ƙara, a duba haƙoran siforaket ko sun lanƙwasa kamar ƙugiya. In sun lanƙwasa, a canza su tare da sarƙa lokaci guda.

Sai in duk wannan ya fito lafiya, kuma ƙarar daga gefen dama na inji take fitowa yana sulo, tana ɗaukewa in ka matse kuloci, sannan za a buɗe murfin kuloci a duba kwandonsa. Ka tsaya a wurin da kanka, a nuna maka abin da ya cinye kafin ka biya kuɗin sabo.