Birnin Kano gida yake bi, ba jam'iyya ba

Malam, ka tambaya wace jam'iyya ce ke riƙe da birnin Kano, kuma me ya sa hasashen masu sharhi daga nesa yake yawan shan ƙasa a kanta. Na sha yin wakilin akwati a cikin gari, don haka bari in gaya maka abin da ido ya gani.

In 'yan siyasa suka ce ƙwaryar birni, ƙananan hukumomi 8 suke nufi daga cikin 44: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Nan jama'a suka fi cunkoso, shi ya sa ɗan takara zai iya lashe ƙauyuka da yawa, magoya baya har sun fara kiɗa, sai sakamakon Nasarawa ko Dala ya iso ya watsa taron.

To amma babu jam'iyyar da za ta bugi ƙirji ta ce birnin nata ne. Dubi yadda aka yi ta juyawa. PRP ta Malam Aminu Kano ta ci a 1979 da Abubakar Rimi. Da ta tsage gida biyu, Santsi da Taɓo, Rimi ya koma NPP, sai Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi a 1983. A 1993 Abiola ya doke Bashir Tofa a jihar Tofan kansa. Kwankwaso ya hau a 1999 a PDP, a 2003 Malam Ibrahim Shekarau na ANPP ya sauke shi yana kan kujera, a 2011 kuma aka sake dawo da Kwankwaso. Abin da bai canja ba shi ne jinin NEPU, tsohuwar jam'iyyar su Malam Aminu Kano, da ke yawo a garin tun 1950: Bakano yana son wanda yake ganin na talaka ne, kuma ba ya jin nauyin juya wa mai mulki baya.

Abin da bare ba ya ganewa shi ne wake da shinkafa. A 2011 mutum ɗaya zai dangwala wa Buhari na CPC a zaɓen shugaban ƙasa, ranar na gwamna kuma ya dangwala wa Kwankwaso na PDP, bai ga wani tufka da warwara a ciki ba. Na ga haka a akwatinmu, mutanen layi guda, fuskoki iri ɗaya, sakamako biyu daban. Har Buhari, da jihar ta ba shi ƙuri'a sama da miliyan 1.9 a 2015, bai taɓa iya sa Kanawa su yi sak yadda yake so a kowane lokaci ba. Mutane gida suke bi: wannan ɗan Kwankwasiyya ne, wancan na Malam Shekarau ne, wancan Gandujiyya. In jagora ya sauya sheƙa, jama'arsa su bi shi da hulunansu. NNPP da kusan ba a san da ita ba a garin, da Kwankwaso ya shiga a 2022, cikin shekara guda ta kawo masa ƙuri'a 997,279 a jihar a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, Tinubu kuwa ya sami 517,341. Kwandon kayan marmari, alamar jam'iyyar a lokacin, kawai aka koya wa tsofaffi su nema a takarda, shi ke nan.

Sai dai kar ka ɗauka birnin bakinsa ɗaya. Sabon Gari da ke Fagge duniyarta daban, can ne 'yan kudu suka fi yawa, kuma akwatunanta sukan saɓa da na maƙwabta. Cikin ganuwa kuwa dangantaka da masarauta da gidajen malamai tana da nauyi. Tsige Sarki Muhammadu Sanusi II a 2020 ya shiga lissafin mutane da yawa, wasu don haushi, wasu don murna. Kumbotso da Ungogo su ne sababbin unguwanni, matasa da 'yan haya, ba su cika jin maganar mai unguwa ba. Rediyo ma kar ka raina shi, sojojin baka da daddare suna iya ɓata ɗan takara kafin ya buga fosta.

In kana son ganin yadda ƙaramin wuri ke juya jiha, tuna 2019. A zaɓen gwamna, Abba Kabir Yusuf na Kwankwasiyya yana gaban Ganduje da ƙuri'a dubu 26 da 'yan kai, aka ce zaɓe bai kammalu ba, mazaɓar Gama ta Nasarawa na cikin inda aka soke. Da aka sake, Ganduje ya ci da ƙasa da dubu 9. Zafin wannan ne ya sa a 2023 matasa suka ƙi barin rumfa sai an ƙirga a gabansu, a kasa a tsare a raka. Abba ya sami 1,019,602, Nasiru Gawuna 890,705, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Abba a Janairun 2024.

Batun taliya da atamfa da ake rabawa gaskiya ne, ba zan ɓoye maka ba. A ƙauye yakan yi aiki. A birni kuwa sau da yawa mata sukan karɓa da hannu biyu, su yi godiya, su shiga su zaɓi ra'ayinsu. Ni dai ranar zaɓe layin mata nake fara leƙawa, don su ne ke jure rana har la'asar bayan maza sun gaji sun koma majalisa.