Ƙofofin kabad sun ƙi daidaita: duba mazaunin hinjis kafin ka sayi sabo

Ɗan'uwa, ka ce ƙofofin kabad ɗinka biyu sun ƙi haɗuwa daidai, ɗaya ta sauka ƙasa, tsakaninsu ya buɗe daga sama amma suna gogar juna daga ƙasa, ka murɗa kowane sukuru har ƙurewa babu canji, shi ne kake tambaya ko hinjis ɗin za ka canja. Dakata tukuna. Hinjis mai kofi, irin wanda ake haƙa wa rami a bayan ƙofa, ba kasafai yake zama mai laifi ba. Galibi matsalar tana wurin mazauninsa, wato ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a bangon kabad ta ciki, wanda hannun hinjis ke hawa, ko kuma jikin kabad ɗin ne ya karkace.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, sukurun gyara kowanne bai wuce ya matsar da ƙofa milimita 2 ba, wasu 3, zuwa kowane ɓangare. Ɗan kuskuren hannu aka yi su su gyara. In kuskuren ya kai milimita 5, ko kwana za ka yi kana murɗawa ba za ka cim masa ba, sai dai ka cinye kan sukurun.

Don haka fara da jikin kabad. Ɗora ma'aunin lebur a samansa, sannan ka ja tef a bakin kabad daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, ka sake ja ta ɗaya gefen. Awon biyu dole su zo ɗaya. In sun bambanta, kabad ɗin ya jirkice, kuma alamar da ka bayar, ƙofa ɗaya sama ɗaya ƙasa, ita ce alamar da jirkicewa ta fi nunawa. Sa ɗan siririn katako ƙarƙashin kusurwar da ta nutse, ko ka murɗa ƙafar in mai murɗawa ce. Sau da yawa nan take za ka ga ƙofofin sun hau layi ba ka taɓa hinjis ba.

In jikin lafiya lau yake, koma kan awon mazauni. Ramukan sukurunsa biyu suna zama milimita 37 daga bakin gaban bango, tsakaninsu milimita 32 sama da ƙasa. Ramin kofi faɗinsa milimita 35, zurfinsa wajen 12, kuma daga gefen ƙofa zuwa bakin ramin ana barin milimita 3 zuwa 6. Duk milimita ɗaya da ka ƙara a wannan tazarar, ƙofa za ta ƙara rufe bakin bango da milimita ɗaya. Shi kuma mazauni akasin haka yake yi: yana zuwa da kauri daban-daban, mai lamba 0, mai 3, har mai 9 a wasu kamfanoni, kuma in ka sa mai kauri, ƙofa tana matsowa tsakiya gwargwadon kaurin. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Sai ka tarar hinjis na sama yana kan mazauni mai 0, na ƙasa yana kan mai 3, saboda an kwaso su a kwali ɗaya ba a duba ba. Ƙofar da aka rataya haka dole ta karkace. Cire su ka jera a tafin hannu, bambancin kaurin ido ma yana ganinsa, wasu kuma lambar tana buge a jikinsu.

Duba hannun hinjis ɗin ma. Miƙaƙƙen hannu na ƙofar da ke rufe bakin bango gaba ɗaya ne. Mai ɗan lanƙwasa, wajen milimita 9, na ƙofofi biyu ne da ke raba bango ɗaya. Mai lanƙwasa sosai, wajen 18, na ƙofar da ke shigewa cikin kabad ne, shi kuma sai an ja mazauninsa baya da kaurin ƙofar a kan 37 ɗin nan.

To, in duk wannan ya yi daidai, sai gyara. Mayar da kowane sukuru tsakiyar tafiyarsa tukuna, tunda ka riga ka kai su ƙurewa. Fara da tsayi: sassauta sukurun da ke riƙe mazauni a duk hinjis ɗin ƙofar lokaci ɗaya, ramukansu dogaye ne, ɗaga ko sauke ƙofar har samanta ya yi layi da 'yar'uwarta, ka ɗaure. In ka sassauta ɗaya ka bar ɗaya, ƙofar ba za ta motsa ba. Sai gefe, da sukurun da ya fi kusa da ƙofa. A naka yanayin, hinjis na sama zai turo ƙofa tsakiya, na ƙasa ya ja ta waje, har tazarar ta zama milimita 2 zuwa 3 daga sama har ƙasa. Rabin zagaye kawai, rufe ƙofa, ja da baya ka kalla, sannan ka ƙara. Raba gyaran tsakanin ƙofofin biyu, kada ka ɗora wa ɗaya duka. Na ƙarshe sukurun baya, mai kai ƙofa ciki ko fito da ita. In ƙofa ta matse da bango ta wajen hinjis, za ta riƙa dawowa a buɗe ko ta yi ƙara. Bar mata kamar milimita 1 zuwa 2. Da sukundireba na hannu ake wannan aiki, yawanci mai bakin gicciye da ake kira PZ2. Injin ɗaure sukuru ba wurinsa ba ne nan.

In ka gyara yau gobe ta sake sauka, kama ƙofar ka ɗan ɗaga ta kana kallon mazaunin sama, don shi nauyi ke fizga. In yana rawa, ramin ya zaizaye, abin da ya zama ruwan dare a MDF, wato allon da ake matsawa daga garin katako, da katakon dusa. Kada ka zura dogon sukuru, bangon milimita 16 ko 18 ne, zai ɓullo ta waje. Faɗaɗa ramin zuwa milimita 8, cusa guntun ice da gam, bari ya bushe sosai, yanke shi daidai da bango, ka huda sabon siririn rami. Akwai kuma faffaɗan ƙarfen gyara da ke kama lafiyayyen katako a kewaye.

Ka kuma ƙirga hinjis ɗin. Biyu sun ishi ƙofar da tsayinta bai wuce santimita 90 ba, zuwa 160 tana son uku, zuwa mita 2 huɗu. In an manna mata madubi ko faɗinta ya haura santimita 60, ƙara ɗaya.