Zaren ɓawon kwakwa a cikin laka: abin da yake iyawa

Ɗana, jiya a wurin aiki ka tambaye ni ko gaskiya ne zaren ɓawon kwakwar attagara yana gyara baƙar lakar nan mai kumbura, har a yi gini a kanta. Yana taimakawa, amma bari ka ji iyakarsa.

Fara da sanin lakar. Irin ta Dikwa da Gamboru Ngala ce, wadda mutanen Borno ke kira firgi, suke shuka masakwa a kanta, akwai ta kuma wajen Numan. Da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga daɓe, da rani ta tsuke ta dare har hannunka ya shige tsagar. Wannan hawa da saukar shi ke tsaga bango.

Zaren ba ya hana ta shan ruwa. Ɗinki yake yi. In tsaga ta taso sai ta tarar da zare a gicciye, maimakon babbar tsaga ɗaya sai a sami ƙanana da yawa, ƙasar kuma ta ƙara ɗaukar nauyi. Hikimar da kakanninmu ke yi ke nan in suna cuɗa ciyawa cikin ƙasar tubali, sai dai zaren kwakwa ya fi ciyawa jimirin danshi nesa ba kusa ba. Shi ya sa a Kerala ta Indiya suke saƙa shi kamar tabarma su shimfiɗa a ƙarƙashin hanyoyin ƙauye.

Wurin awo ake ɓata aikin. Kilo 100 na busasshiyar ƙasa, rabin kilo zuwa kilo 1 na zare ya isa. In ka zarce sai ya dunƙule ya bar ramuka, daɓen ya ƙi kamawa. Ka jiƙa shi ka wanke, domin na bakin teku yakan zo da gishiri, ka shanya, ka yanka kamar tsawon gaɓar yatsa biyu. Ka barbaɗa a busasshiyar ƙasa ka juya sosai, sannan ruwa, sannan ka daɓe hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15. Kumburin kansa laim, wato farar ƙasar nan ta gini, ke kashe shi, don haka nakan haɗa su biyun.

Harabar gida, daɓen shago, hanyar da babur da amalanke ke bi, na yarda. Ƙarƙashin tushen gida kuwa ban yarda ba, balle bene. Zare komai daɗewa ruɓewa yake, ga gara. Can sai a kwashe lakar a cika da jar ƙasa, a ja magudana nesa da bango. Ka kuma lissafa kuɗin mota, don kwakwar da ke zuwa mana yawanci an riga an ɓare ta tun daga kudu, irin su Badagiri, ɓawon sai an ɗauko shi daga can.

Gobe ka buga tubali biyu, ɗaya da zare ɗaya babu, ka jiƙa ka shanya sau uku, ka kawo mini mu duba tare.